Yadda Za Ka Sa Ruwa Ya Sassaƙa Maka Ginshiƙi Mai Hula a Tsakar Gida

Mahaifina magini ne, na ginin ƙasa, a wani ƙauye tsakanin Gwandu da Aliero. Duk shekara idan bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗuwa ta gabas, yakan zaga katangun da ya gina wa mutane yana duba kawunansu. Katangar da aka jera wa tsingaro ko aka kifa wa ciyawa a ka, ko tsayawa ba ya yi. Wadda aka bari kai buɗe ita yake daɗewa a gabanta, sannan ya kira mai gida ya ce, "Wagga ba ta kaiwa kaka."

Yanzu ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a nan Kebbi. Wata rana na nuna wa 'yan ajina hoton dogayen ginshiƙan dutsen nan sirara da ake samu tsaitsaye a busassun ƙasashe, wasu tsawon mutum, wasu sun kai bene mai hawa goma, da yawansu da faffaɗan dutse a ka kamar an kifa musu malafa. Wani yaro ya ce, "Malam, wannan ai gina su aka yi." Wata ta ce haɗin kwamfuta ne. Da na ce Amurkawa suna kiran irinsu "hudu", sai wani daga bayan aji ya tambaya ina biyar ɗin. Turkawa suna ce musu bututun hayaƙin aljanu, Faransawa kuma 'yan mata masu ɗaurin kai. Ni ginshiƙi mai hula nake ce musu. Na cika allo da zane ranar nan, babu wanda ya gamsu, shi ya sa na koma yin abin a fili. Ga yadda ake yi, ko a makaranta ko a gida tare da yara.

Kafin ka taɓa ƙasa, ka riƙe abu ɗaya a ranka: ginshiƙin saura ne. Da can duk wurin a cike yake da ƙasa ko dutse mai laushi har daidai inda hular take zaune. Ruwa ya kwashe na gefe, ya bar abin da hula ta yi wa laima. Kenan ba za ka gina komai ba. Tudu za ka tara, ruwa ya rage maka shi.

Haɗin ƙasar shi ne rabin aikin, kuma a nan na sha kunya har sau biyu. Karo na farko na sa aka ɗebo mini yashin gulbi zalla, mai kyau, wankakke. Ruwa na taɓa shi ya baje kamar an zubar da gero, hulunan suka zauna dirshan a ƙasa. Karo na biyu na ce to bari in nemo mai danƙo, na kawo lakar fadama irin wadda ake shuka shinkafa a cikinta. Muka yi ta zuba ruwa har aka buga ƙararrawar tashi, tudun yana nan sai sheƙi yake yi, yaran suna ta ƙunshe dariya. Abin da ya yi mini daga baya shi ne kwano uku na yashi mai laushi, kwano ɗaya na jar ƙasa irin ta gini. Ka tankaɗe kowanne da rariya don ka cire tsakuwa da ɓurɓushin kara. Ka gauraya su a bushe tukuna, sannan ka riƙa yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan kana murzawa kamar mai haɗa dambu. Ka gwada da hannu: ka dunƙula, ya tsaya a dunƙule, ka danna da ɗan yatsa, ya wargaje. Idan ya manne maka a tafi, jar ƙasa ta yi yawa, ƙara yashi. Ƙasar kowane gari da halinta, saboda haka awon nan mafari ne kawai, hannunka ne zai gaya maka sauran. Duwatsun da ke ba da ginshiƙai a duniya ma haka suke, tsaka-tsaki: suna da laushin da ruwa zai iya ci, suna da ƙarfin da za su tsaya tsaye ba su zube ba.

Kada ka yi shi a cikin daro ko roba. Ruwa zai taru a ƙasa, ya jiƙa gindin tudun, komai ya narke tun daga tushe. Ka samo guntun katako mai faɗi ko tsohon kwanon rufi, ka tokare gefe ɗaya da rabin tubali yadda ruwa zai riƙa gangarewa yana tafiya da abin da ya kankaro. Wannan gangaren yana da muhimmanci ƙwarai. Idan ka lura da hotuna, ba a tsakiyar shimfiɗaɗɗen fili ake samun ginshiƙan nan ba, a bakin tudu ne ko a gefen kwari, inda ruwa ke da hanyar fita da kayansa. In babu mai kwashe ɓaraguzan, za su taru su binne ginshiƙin tun bai tashi ba.

Ka tara tudu mai tsawon taƙi ɗaya, ka daddanna shi da tafin hannu ko da allo, ka baje kansa ya zama shafe. Ka bar shi a inuwa ya sha iska kamar awa ɗaya.

Sai huluna. Mafi kyau a wurina tsingaro ne, a fasa shi ƙanana kamar faɗin babban yatsa biyu. Tsoffin kwabbai ma suna yi, da murfin kwalbar lemo idan ka danna shi ya kama ƙasa, da ɓallin marmara mai faɗi. Ka haɗa manya da ƙanana da gangan. Ka sa sakaina guda ɗaya, za ka ga abin da zai same ta. Ka jera su da tazarar yatsu uku, amma biyu daga ciki ka matso da su har su kusa taɓa juna. Kusurwa ɗaya kuma ka bar ta babu komai.

Ruwan sama kake son kwaikwayo, don haka buta ba ta yi, ita rami kawai za ta haƙa. Ka huda gindin gwangwanin tumatir babba da ƙaramar ƙusa, huji ashirin ko talatin, ƙanana yadda ruwan zai riƙa ɗiga ba tsiyaya ba. In kana da famfon feshi da ba a taɓa zuba masa maganin ƙwari ko na ciyawa ba, shi ya fi. Wanda ya taɓa ɗaukar magani kuwa ka bar shi a gona, musamman inda yara za su sa hannu. Ka ɗaga gwangwanin daidai ƙirjinka, ka riƙa zagayawa da shi a kan tudun, ɗigon yana sauka a miƙe. Tsawon yana da amfani: babban ɗigon ruwan sama yana bugun ƙasa da gudun kusan mita 9 a daƙiƙa, kuma bugun nan ne ke fara kwance ƙwayoyin ƙasa kafin ruwan da ke gudana ya ɗauke su. Duk matar da ta shanya wanki kusa da ƙasa ruwa ya same shi ta san yadda ɗigo ke fantsamar da jar ƙasa sama.

Ka yi ruwa minti biyu, ka tsaya minti biyar. Wannan tsayawar ita yara ba sa so, kuma ita ce sirrin busasshiyar ƙasa. A irin wuraren nan ruwa yakan zo da ƙarfi, na ɗan lokaci, a kan ƙasar da babu ciyawar da za ta tare shi, sannan a daɗe ba a sake gani ba, jikin ginshiƙin ya bushe ya yi tauri. Inda ake ruwa kullum, ƙasa ba ta samun bushewa, tsirrai sun rufe ko'ina, tuddai sukan zama masu zagayayyen baya. Idan ka zuba ruwa babu hutu za ka ga hakan da idonka, tudun zai jiƙe har ciki ya sulale gaba ɗaya.

Yanzu ka durƙusa ka kalla da kyau, don a nan daɗin yake. A zagaye na farko saman tudun zai yi ɗigo-ɗigo kamar fuskar wanda ya yi ƙyanda. Sakaina tun a nan take sulalewa, ba ta da nauyin da za ta zauna. A na biyu ƙananan magudanai za su fara tsaga gefen da ke kallon gangare, ruwan da ke fita ya yi ja. Wajen na uku ko na huɗu sai ka ga tsingaro ya ɗan ɗago a kan wuya, alhali bai motsa ba, ƙasar da ke kewaye da shi ce ta sauka. Ka ci gaba. Za ka samu ginshiƙai masu tsawon ɗan yatsa, wani lokaci fiye. Duba jikinsu: akwai zane-zane a tsaye daga sama zuwa ƙasa, sawun ruwan da ya gangara. Gindinsu ya fi wuyansu kauri, kuma kowanne yana da ɗan zanin yashi da ya zubo ya kewaye ƙafarsa. Hula babba ta ba da ginshiƙi mai kauri da zai daɗe, ƙarama ta ba da siriri da zai riga faɗuwa. Biyun nan da ka matso da su sun zama 'yar katanga. Kusurwar da ka bari babu hula ta zama fili. A kusa da birnin Bolzano na arewacin Italiya akwai ginshiƙan ƙasa da suka samu ta wannan hanya sak, wasu sun kai mita 30: laka ce mai haɗe da manyan duwatsu da ƙanƙara ta bari tun zamanin da ta rufe tsaunukan yankin, lakar tana tauri in ta bushe, tana narkewa in ta jiƙe, duk inda dutse ya zauna sai ya tsira da abin da ke ƙarƙashinsa.

Da ginshiƙai sun tsaya, ka ɗauke hular guda ɗaya a hankali, ka sake ruwa. Kansa zai yi tsini kamar zankon soro, ya yi ta raguwa har ya ɓace, 'yan'uwansa na tsaye. Wannan shi ne ƙarshen kowannensu, ƙanana da manya. Daga nan ka karkata gwangwanin, ko ka sa yaro ya riƙa fifita da faifai daga gefe ɗaya yadda ɗigon zai shigo a karkace. Ruwan zai shiga ƙarƙashin hula ya ci wuya ta gefe guda, hular ta langaɓe ta faɗi. Duk ɗan magini ya san wannan. Ruwanmu daga gabas yake zuwa da iska a bayansa, shi ya sa katangar gabas ke riga sauran lalacewa, ita ake fara yi wa yaɓe da makuba. A ganina wannan na cikin dalilan da suka sa ginshiƙan kwazazzabanmu ba sa yin tsawo su daɗe.

Akwai waɗanda ba hular dutse daban aka ɗora musu ba, su kansu hawa-hawa ne, wani hawa mai tauri wani mai laushi. Don ka nuna wannan, ka sake tara tudu, amma ka riƙa shimfiɗa haɗinka na yashi kaurin yatsu biyu, ka bi shi da siririn shafen jar ƙasa zalla, ka sake yashi, har hawa biyar ko shida, na ƙarshe ya zama jar ƙasa. Ka bar shi ya kwana. Da safe ka tsaga shi da wuƙa daga sama har kusa da ƙasa, layuka a tsaye da layuka a kwance kamar gidan dara. Ruwa zai bi tsagar nan ya faɗaɗa ta. Da farko za ka ga katangu, sannan wani wurin ya huje ya zama taga, rufin tagar ya rufta, a bar ginshiƙai biyu. Jikinsu kuma zai yi ƙugu-ƙugu, ya kumbura inda jar ƙasa take, ya tsuke inda yashi yake. Wannan ya fi na farko wuya, sai na yi sau uku kafin in samu taga ɗaya, amma shi ne ainihin labarin Birais Kanyon da ke jihar Yuta a Amurka, inda ginshiƙan suka fi yawa a duniya. Dutsen wurin laka ce da farar ƙasa da suka kwanta hawa-hawa a gindin tafkuna kimanin shekara miliyan 50 da suka wuce, daga baya ƙasar ta ɗaga sama ta tsattsage.

Abin da ke faɗaɗa tsaga a can, mu ba mu da shi. Bakin tudun da ginshiƙan suke ya haura mita 2,400 sama da matakin teku, kuma a fiye da kwana 170 na shekara ruwa yakan daskare da dare ya narke da rana. Ruwa idan ya zama ƙanƙara yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100. Ba sai ka yi dogon bayani ba, ka sayo fiyawata biyu wurin mai ƙanƙara, ɗaya daskararriya ɗaya ruwa, ka ba yaro ya riƙe. Ya ga yadda ledar ta kumbura ta yi tauri, sai ka ce masa ya ɗauka ruwan nan a cikin tsagar dutse yake, kuma haka za a yi masa gobe da jibi. Da wannan, da kuma ruwan bazara mai ƙarfi, bakin tudun yana ja da baya tsakanin santimita 60 zuwa 120 a kowace shekara 100. Ruwan sama kuma yana da ɗan tsami da yake samu daga iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi, yana narkar da dutsen farar ƙasa sannu a hankali, irin dutsen da ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato ana siminti da shi. Ka matse lemun tsami a kan ɓawon ƙwai da aka daka, a ga ƙananan kumfa na tashi, ka ce haka ne, sai dai na ruwan sama ya fi wannan rauni nesa ba kusa ba.

Na Kafadokiya a Turkiyya kuma toka ce da duwatsu masu aman wuta suka zubar, ta kwanta ta daskare, da wani hawa mai tauri a samanta da ya zama hula. Laushinta ya isa a sassaƙa da hannu, har mutane suka fafe cikin ginshiƙan suka yi ɗakuna da majami'u da ɗakin tattabaru don su samu taki. UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1985.

Za a tambaye ka iska, domin kowa ya ɗauka ita ce mai sassaƙar. Tana da nata rabo, amma ƙarami ne a mafi yawan wuraren nan. Yashin da iska ke ɗauka ba ya tashi sama sosai, yawancinsa a ƙasa da ƙugun mutum yake tafiya, saboda haka gindin dutse yake gogewa ya bar shi kamar naman kaza. Ƙurar hunturu da ke cika mana ido ta yi laushi da yawa, ba ta kankare dutse. Ko a Sahara, dazukan ginshiƙan dutsen yashi na Tasili a Aljeriya da Enedi a Chadi, ruwa ne ya yi babban aikin a zamanin da wuraren ke samun damina, iska ta zo ta yi gyaran fuska.

Bayan tsakar gida, ka fita da su. Washegarin ruwa mai ƙarfi a watan Yuli ko Agusta, ka je inda aka tara ƙasar gini ko gefen kwazazzabo, ko ma ƙarƙashin inda rufin kwano ke ɗiga. Ka sunkuya. Za ka ga kowace 'yar tsakuwa tana zaune a kan nata ginshiƙin, tsawon gaɓar yatsa, ɗaruruwa, ana taka su kullum ba a lura ba. A bangon kwazazzabo mai zurfi za ka iya samun wanda ya kai gwiwa ko ƙugu, da ɓallin marmara a ka ko saiwar ciyawa ta riƙe masa kai. Amma da sharaɗi. Kada kowa ya tsaya ƙarƙashin bangon kwazazzabo ko a bakinsa ta sama, jiƙaƙƙiyar ƙasa ba ta sallama kafin ta rufta. Idan akwai hadari ko da daga nesa ne, kada a shiga ciki, ruwan da aka yi a wani gari yana iya iso ku. Kada a ɗaga dutse da hannu saboda kunama da kububuwa. Ka tsaya kusa da gari, ka kuma sanar da mai unguwa kafin ka kwashi 'ya'yan mutane. Sannan ka hana su shuri, don ƙafar yaro ƙaiƙayi take yi in ta ga abu a tsaye. Nakan ba su labarin wasu manya da suka ture wani ginshiƙi a wani wurin shaƙatawa na jihar Yuta a 2013, suka ɗauki bidiyo suna murna, suka ƙare a gaban alƙali.

In kuna dawowa, ka nuna musu tuddan nan masu shafaffen kai da ake gani a kewayen Birnin Kebbi da Gwandu da hanyar Argungu. Masana ƙasa da sunan Gwandu suke kiran wannan shimfiɗa ta dutsen yashi da yumɓu. Abin da ya hana su zubewa ɓawon marmara ne mai ƙarfe a ciki da ya rufe kansu. Hula ce, babba ce kawai. Ruwa yana cin laushin da ke ƙarƙashin bakinta, marmarar ta karye ta gangaro, shi ne baƙaƙen duwatsun da ke warwatse a gindin tudu. Haka tudun ke tsukewa ta kowane gefe. Sai dai kada su ɗauka kowane dogon dutse ɗan gidan nan ne. Dutsen Kwatarkwashi a Zamfara ƙaton dutse ne mai tauri tun daga sama har ƙasa, ba ya buƙatar hula. Na Wase a Filato kuma narkakken dutse ne da ya daskare a maƙogwaron dutse mai aman wuta, gangar jikin ta zaizaye ta bar shi.

Idan kun samu ginshiƙi mai kyau a kwazazzabo, ka kafa sanda a gefensa, ka yi mata alama daidai tsawonsa, ka ɗauki hoto da waya daga wuri ɗaya duk ranar kasuwa. Wanda muka bi bara, a bayan gonakin albasa, ya kai mini gwiwa a farkon Agusta, da marmara mai faɗin faifai a kansa. Mako uku yana ƙara tsawo, saboda ƙasan kwazazzabon na ƙara zurfi, wuyansa kuma yana sirancewa ta gabas. A mako na huɗu muka tarar da marmarar a kife can ƙasa, ta yi nisan taku biyu. Da muka leƙa ƙarƙashinta, har ta fara ɗagowa a kan sabon wuya mai kaurin yatsa ɗaya.